Na Ce Iska, Gwaggo Ta Ɗebo Garwashi

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, amma har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na tare ƙofar ɗakin wata mai jego a Kibiya ba, ina kokawa da tsohuwar da ta girmi uwata. Ku da kuke aikin lafiya yanzu, ku gyara zama ku ji.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ni ƙaramar malamar duba masu jego ce a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya mai riƙe da ƙananan asibitoci a wancan zamanin. Mazaunina ɗakin shan magani na Rano. Shugabana Malam Idi ne, babban malamin asibiti, mutum mai sanyin magana. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, ni ce dai mai ɗagawa. Tsarin aikin kuwa, in mace ta haihu, unguwarzoma ta gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya aiko mana, ni kuma in je kafin suna in duba cibiyar jariri, in duba uwar, in ga ruwan sha da tsabtar ɗaki. Mace ake turawa saboda namiji ba ya shiga cikin gida. Sau ɗaya a mako motar asibiti take kai ni Kibiya da safe, ta dawo ta ɗauke ni da la'asar.

Gas ɗin girki a lokacin baƙon abu ne. Ni kaina a makarantar koyon aiki a birni na fara ganinsa. A can aka koya mana cewa da gangan ake sa masa wari don a gane in ya zuba, cewa ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka ƙasa yake kwanciya, kuma in ya taru a ɗaki tartsatsi ɗaya ya isa. Na haddace na ci jarrabawa, ban taɓa zaton zan gamu da shi a ƙauye ba.

Ran nan da damina ne, an kwana ana ruwa. Da hantsi na yi sallama gidan wani Alhaji Sule mai sayen gyaɗa, wanda matarsa Rakiya ta haifi ɗa namiji kwana huɗu da suka wuce. Wadda ta amsa mini Gwaggo Asabe ce, yayar uban Rakiya, da ta taso daga Durba don ta yi mata wankan jego. Tsohuwa ce doguwa, mai ƙarfi, ba ta da wasa.

Ta ce, "Gara da kika zo, malamar asibiti. Yarinyar nan tun ɗazu kanta yake sarawa, tana ta tashin zuciya. Ga wani huci da muke ji a ɗakin, na duba ko maciji ne, babu komai."

Ina ɗaga labulen, wari ya doke ni kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Kun san ɗakin mai jego a da: an cusa tsummoki a taga, an toshe kowace kafa don kada sanyi ya kama ta. Rakiya tana kwance a tabarma a ƙasa, idonta a lumshe. Jaririn yana kan gadon ƙarfe. A bayan ƙofa, kusa da jeren kwanonta, sai ga tukunyar gas da murhunta, yana ta huci, babu wuta a kai.

Daga baya na ji yadda aka yi. Itace ya jiƙe, da ƙyar yake kamawa, ga wanka da kunun kanwa safe da yamma, sai Alhaji ya sayo abin a Kano. Da yake abu ne mai daraja, aka ajiye shi a ɗaka. Da safen ya kunna wa Gwaggo ya tafi rumfarsa ta kasuwa. Ita kuma da ta sauke kunu, ta kashe wutar yadda ta saba kashe kowace wuta tun tana budurwa, ta yayyafa mata ruwa. Harshen ya mutu, ta ɗauka an gama.

Na juyo na ce da ƙarfi, "Gwaggo, iska ce ta cika ɗakin nan! Muguwar iska ce, tana kisa!"

Ta dafe ƙirji. "Na faɗa! Wallahi tun safe raina ya ba ni!" Ta juya da sauri ta fita. Ni a zatona mutane za ta kirawo.

Na toshe hanci da gefen mayafi, na murɗe kan tukunyar har hucin ya tsaya, na fizge tsummokin taga. Na sunkuci jaririn na fita da shi, na miƙa wa wata maƙwabciya da ta leƙo. Na koma na kama Rakiya ta hammata. Jikinta ya saki, ga ta da nauyi, ina ja tana zamewa. Na kai ta rabin ɗaki ke nan, sai na ji ƙamshin hayaƙi.

Na ɗaga kai. Gwaggo ce take tahowa daga madafa, riƙe da kasko cike da garwashi ja wur, ta zuba tazargade a kai, bakinta yana ta addu'a. Tsakaninta da ƙofar bai fi taku biyar ba. Inna lillahi! Sai a lokacin na gane abin da kunnenta ya ji. Ni ina nufin iskar tukunya, ita ta ji mutanen ɓoye ne suka shiga ɗakin mai jego, maganinsu kuwa a wurinta hayaƙi.

Na saki Rakiya, na yi tsalle na fito na tare ta, na buɗe hannuwa.

Ta ce, "Ba ni hanya, 'yar nan."

Na ce, "Gwaggo, koma da wutar nan. Iskar tana ciki har yanzu!"

Ta ce, "To ai ita zan kora! Ke da bakinki kika ce tana kisa. Matsa!"

Kun ji wauta irin tawa? Ina ƙara cewa iska, tana ƙara matsowa. Ta sa kafaɗa za ta ture ni, na ga wani garwashi ya gangaro bakin kaskon. Ban tsaya wani tunani ba. Na cafke kaskon da hannu biyu, zafinsa ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, na fizge, na ruga can ƙarshen tsakar gida na kifa shi a cikin ruwan da ya kwanta. Ina juyowa ta sharara mini mari. Ni ma zuciya ta ɗebe ni, na daka mata tsawa, "Ko za ki kashe ni, wuta ba ta shiga ɗakin nan!" A gidanmu ko ido ba a haɗawa da babba, amma ran nan na yi, kuma a gaban mata.

Maƙwabta biyu suka taya ni muka fito da Rakiya ƙarƙashin rumfa. Gwaggo tana kuka tana cewa za a sa wa 'yarta sanyin da ba ya fita. Na sa aka kashe wutar madafa, na ce ko ashana kada wanda ya ƙyasta. Muka yaye labule, muka riƙa kaɗa tabarma ƙasa-ƙasa muna koro warin waje. Sannu a hankali Rakiya ta buɗe ido sosai, ta ce a ba ta ɗanta. Nan na zauna a ƙasa, sai a sannan na ga tafukana sun yi bororo.

Da aka kirawo Alhaji na same shi a zaure na yi masa bayani. Ya tsorata ƙwarai, ya yarda a fitar da tukunyar zuwa rumfa inda iska take kaɗawa. Amma da na ce ya mayar da ita Kano, ya ce a'a, da me za a dafa ruwan wanka a wannan damina? Ya ƙara da cewa abin da na yi wa surukarsa bai yi masa daɗi ba, zai kai maganar Rano.

Washegari Malam Idi ya kira ni ofis. Ya dubi hannuna a naɗe, ya ce in faɗa masa komai daki-daki. Na zayyana, ina jiran a ce sannu da ƙoƙari.

Ya ce, "Malama Saude, da kika shiga ɗakin, me kika ce mata? Kalmar da kika faɗa nake so."

Na maimaita masa.

Ya ce, "Ashe ke kika aike ta ɗebo wutar."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Malam! Ni da na ƙone?"

Ya ce, "Kin ƙone, Allah ya saka miki. Amma yanzu me Gwaggo ta sani wanda ba ta sani ba jiya? Tukunya tana gidan. Sauran wanka kwana talatin da wani abu. Ran da aka sake jin warin nan ba kya nan, me za ta ɗauko?"

Gaskiya ce tsagwaronta. A wurin tsohuwar nan ni mahaukaciya ce da ta hana a yi wa 'yarta magani, tana jiran in ba da baya ne ta ƙarasa abin da ta fara. Na ce a ba ni izini in koma a ranar. Ya ce motar asibiti sai mako. Na ce ko a ƙafa ne zan je. Ya rubuta mini takarda, na bi motar 'yan gyaɗa.

Na tarar da Gwaggo tana tankaɗe. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, ta amsa da ƙyar ba ta dube ni ba. Na ce na zo neman gafara a kan tsawar da na yi mata.

Ta ce, "Tsawar kawai? Kaskon fa?"

Na ce, "Kaskon kam, Gwaggo, ko yau kika ɗauko sai na ƙwace."

Ta ɗago ta harare ni. "Ke dai ba ki da kunya."

Na ce, "Na yarda. Amma ki zo ki gani da idonki, in ƙarya nake ki ƙara mini wani marin."

Muka je rumfa. Wannan karon na kama bakina, ban sake cewa iska ba. Na ɗan jijjiga tukunyar na ce ta kasa kunne. Ta ji abu yana motsi a ciki. Ta ce, "Ruwa ne?" Na ce mai ne, in ya fito sai ya zama tururi, ido ba ya ganinsa. Na kaɗa sabulu na shafa kumfar a mahaɗin tiyo, na ɗan buɗe kan tukunyar. Ashe ma ɗaurin bai yi ƙarfi ba, sai ga ƙwai-ƙwai suna tasowa. Na rufe, na ƙara ɗaure shi, na sake shafawa, shiru. Na ce ta sunkuya ta shinshina. Ta ja baya tana yamutsa fuska, ta ce warin jiya ne sak.

Ta daɗe tana kallon tukunyar. Can ta ce, "Wato kamar a ce kananzir ne ya malale a ɗaki, sai dai ba a ganinsa?"

Na ce, "Shi ke nan, Gwaggo! Wallahi shi ke nan!"

Ta ce, "Ni kuma na nufo shi da garwashi." Ta waiwaya wajen Rakiya da take ba ɗanta nono a bakin ƙofa, ta zauna daɓas a kan turmi, hawaye yana zuba. Sannan ta juyo kaina da faɗa. "To ke me ya hana ki ce kananzir? Wace mahaukaciya ce za ta kai wuta wurin kananzir? Kin tsaya kina ce mini iska, iska!"

Ban kare kaina ba. Wata da watanni ana koya mini abin nan a birni, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta faɗe shi da kalma ɗaya.

Ba ta bar ni na tafi ba sai da ta koya da hannunta. Ta murɗa ta kunna, ta murɗa ta kashe, ta rufe kan tukunyar, ta sake, har sau bakwai ina ƙirgawa. Ta tara matan gidan da na maƙwabta ta kafa musu doka: tukunya ba ta kwana a ɗakin da mutum yake kwana, wutar nan murɗewa ake yi ba a zuba mata ruwa, wadda ta ji warin nan ta rufe kan tukunya, ta buɗe ƙofa, ta fitar da yara, kada ta kusanto da fitila ko ashana. Da Alhaji ya shigo zai yi magana, ta ce masa shi ma ya zo ya murɗa ta gani, tunda shi ya kawo abin ya tafi bai koya wa kowa kashewa ba. Ya zo ya murɗa. Maganar ƙara kuma ban sake jin ta ba.

Na zauna na rubuta wa Malam Idi rahoto shafi guda, na sa laifina a layin farko.

Abin da nake so ku riƙe, ku 'yan baya, mutanenmu ba sa wasa da ran nasu. Tsohuwar nan da gudu ta tafi ceton 'yarta, da abin da ta sani ta tafi. In kun faɗi magana a gidan mutane, kada ku juya baya sai kun tambaya, "Me kika ji na ce?" Ni tun daga ranar ban sake fita daga wani gida ba sai an maimaita mini da bakin masu gidan.

Ranar da Rakiya ta yi arba'in na je dubawar ƙarshe. Gwaggo ta ɗaure kayanta za ta koma Durba. Ta karɓi yaron daga hannun uwarsa, ta ɗora mini shi a cinya, ya yi ɓul-ɓul, yana ta wutsil-wutsil da ƙafa.

Ta ce, "Riƙe shi da kyau, marar kunya. Da kin ji kunyata ran nan, da yau ba mu da abin ɗauka."