Mai Faifai da Muryoyin da Ya Goge

Haihuwa da karatu

An haifi marigayin da aka fi sani da Mai Faifai a shekarar 1949, a garin nan, a gidan da ke bayan tashar mota. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa masaƙiya, kuma an ce ranar haihuwarsa matattun agogo uku suka tashi a shago, wallahu a'alamu. Ya shiga firamare a 1957, aka kore shi daga aji biyar saboda ya kwaikwayi muryar hedimasta ta bayan taga, ya sallami makaranta kaf da hantsi.

Aure

A 1974 ya auri 'yar wani tela, suka zauna lafiya yana gyaran rediyo a gefen shagon mahaifinsa.

Aiki

Da jama'a suka haɗa ƙarfi suka kafa ƙaramin gidan rediyo mai magana da harshen gari a 1992, a ɗaki biyu bisa benen ɗakin karatu, shi aka danƙa wa amanar ɗaukar muryoyin dattawa. Cikin shekara huɗu ya cika kaset ɗari biyu da tarihin unguwanni da sana'o'i, kowanne ya ɓalle masa ɗan haƙorin da ke gefensa don kada a iya goge shi.

Daga 1997 babban gidan rediyo na birni ya wajabta a riƙa aika masa rahoto kowane mako, alhali ba ya aiko da kaset, ba ya kuma mayar da wanda aka kai. Marigayin, don gudun a ce ya gaza, ya riƙa toshe ramin haƙorin da takarda yana ɗora jawaban manya a kan muryoyin dattawan, waɗanda akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya biyo baya

Da iyalai suka nemi a riƙa saka musu muryoyin iyayensu, bai iya fitowa da gaskiya ba. Ya rufe ƙofa, ya kwaikwayi mamatan ɗaya bayan ɗaya gwargwadon abin da ya tuna, aka yi shekara uku ana saurare ana share hawaye.

A 2001 matar wani maƙeri marigayi ta hau benen da sandarta, ta ce masa: "Ɗan nan, ka iya, amma maigidana sai ya gama magana yake tari. Ina ka kai mini shi?" Ya sunkuyar da kai, ya faɗi komai. Da ya gama ta ce: "To, gobe ma ka saka. Da babu gara ba daɗi."

Washegari ya saka, ya gyara tarin, ya ajiye aiki. Matar ba ta tona shi ba, shi ya tona kansa gida gida, kuma tun daga nan ba a ƙara ganinsa a layin da benen yake ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 2016, bayan gajeriyar jinya, aka binne shi a maƙabartar bayan gari. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: direba, malamar asibiti, mai gyaran waya, da autarsa da ke aiki a gidan rediyon. Ita ce ta bincika akwatunan don ta haɗa muryarsa da sanarwar rasuwar. Ta sami kaset talatin da shida na aikinsa, babu ko ɗaya da ya yi magana da muryar kansa. Allah ya gafarta masa.