A Ina Kika Sauke Su?

Shekarar da 'yata ta fari ta shiga jami'a a Kafanchan, na sa kafinta ya buga mata kanta mai hawa uku. A sanina, ɗan jami'a da tulin littattafai yake dawowa gida. Sai ga ta hutu da jaka ɗaya, duk tufafi.

"Ina littattafan?" na tambaye ta.

"Na sauke su, Mama."

"A ina kika sauke su? A tasha?"

Ta yi dariya har ta zauna a kan buhun citta. Ta nuna mini wayarta, wai suna ciki, malamansu ma ta nan suke turo musu. Ban yarda ba. Ranar Lahadi bayan sujada na kai ƙararta wurin matar fasto, na ce yarinyar nan latsa waya kawai take yi. Kantar kuwa kwanuka na jera a kai.

Tana aji uku a sashen noma ciwo ya ɗauke ta, cikin kwana shida.

Bayan makoki ƙanen mijina ya ce a goge wayar a ba ƙanwarta. Ban ga laifinsa ba, ita ma tana bukata. Na roƙi mako ɗaya. Ƙanwar ta rubuta mini lambar buɗewa, na hau mota zuwa makarantar, na nemi malamarta.

"Malama, littattafanta na zo ɗauka. Ban san yadda ake sauke su daga nan ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita kanta da farko ba ta ɗauki karatun waya karatu ba. Ta buɗe, ta matso kusa da ni. Shafi bayan shafi, an ja wa layuka launin rawaya.

"Mama, duk inda kika ga rawaya, ta tsaya a wurin."

A wani shafi mai bayanin shanyar citta, 'yata ta rubuta a gefe: "Mama ba haka take yi ba. Zan tambaye ta."

Ban tuna ta tambaye ni ba. Wataƙila ta tambaya ina cikin faɗan waya.

Malama ta buga mini shafukan a takarda, ta sa aka ɗinke. Na dawo na miƙa wa ƙanwar 'yar tawa wayar, na kwashe kwanukan daga kanta. Kafin in ɗora takardun, na ɗauki biro, na rubuta wa marigayiyar a bayan shafin nan yadda nake tsaga cittar, da kwana nawa take yi a kan dutse.