Maginin da na ƙwace wa ƙanena

A shekarun da ake shimfiɗa layin dogo ta Lafia, ni matashin ɗan kasuwa ne, ina sayo riɗi daga ƙauyukan wajen Ashige ina kawowa gari. Ni ne babba a ɗakinmu, don haka bayan rasuwar mahaifinmu Inna a gidana take zaune, cikin wani tsohon ɗakin jinka da kullum nake cewa zan gyara. Ƙanena kuwa doya yake kai wa leburorin layin, kuma Allah ya buɗa masa.

Wata rana da rani ya zo gaishe ta, ya ce ya ɗauko magini zai yi mata ɗaki mai rufin kwano a gidansa, ta huta da tara ƙwarya a ƙarƙashin yoyo. Ina zaune a wurin. Inna ta dafa kansa tana sa masa albarka, alhali tuwon gidana take ci. Na ce madalla, amma zuciyata kamar an zuba mata garwashi. Daga ranar, duk wanda ya yabi ginin a gabana sai abinci ya fita raina. Har ta bayan gidansa nake ratsewa don in ga inda bango ya kai.

Da abin ya ishe ni, na tare maginin a kasuwa, na ce ya bar aikin ya zo ya yi mini irinsa. Ya ce ai ya riga ya karɓi kafin alƙalami. Na ce zan ninka masa. A bayan wata rumfa na damƙa masa jarina na riɗi kaf, ba shaida, don kunyar kada a gan ni. Ya bar ginin ƙanena iya taga, ya zo da mutanensa suka yaye jinkar ɗakin Inna, suka rushe rabin bango, muka mayar da Inna cikin wata rumfar zana. Ƙanena ya zo ya gani. Na shirya wa faɗa, sai kawai ya ce tunda ɗakin Inna ne, ko a ina aka gina ɗaya ne, fatansa dai Yaya ya gama kafin ruwa ya sauka. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Maginin ya ce zai tafi Makurdi sayo kwano. Tafiyar ke nan. Daga baya na ji wani ɗan kwangila ya ba shi abin da ya fi nawa. Ban iya zuwa gaban alƙali ba, don ba ni da shaida, kuma sai na faɗi da bakina yadda na samo shi.

Damina ta faɗo da wuri. Ruwan farko ya zo da iska da la'asar, ya kwashe zanar, Inna ta jiƙe sharkaf kafin mu shigar da ita zaure. Tari ya kama ƙirjinta. Ƙanena ya ɗora jinka a kan guntun ginin nan nasa, ya zo ya goye ta a bayansa ya tafi da ita. Duk lokacin da na je dubiya, tambayarta ɗaya, ko na samu abin komawa kasuwa. Ba ta kai kaka ba.

Yanzu na tsufa, ƙanena ma ya riga ni, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba. Masu karatu, kada ku ba magini kuɗi a ɓoye, kada ku rushe tsohon ɗaki kafin kayan sabo su iso ƙofar gida, kuma wanda ya saki aikin wani saboda kuɗinka zai saki naka saboda na wani. Amma ban ɗora wa magini laifin duka ba. Shi jarina kawai ya ɗauka. Ni ne na yaye rufin da ke kan mahaifiyata don kada ta kwana a inuwar ɗan'uwana.