Ma'azu, Shef ɗin da Ya Reni Shugabansa

Kafin kowa ya sa ƙafa a bakin rijiya, Ma'azu yakan zauna a ƙasa ya jawo igiya, ya bi ta da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan. In ya ji inda ta fara tsinkewa, babu mai sauka sai an sake wata. Daga nan ya dubi idon ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga alamar zazzaɓi a jikinsa, aikin sama zai yi ranar. In an kawo fura da rana, shi ne na ƙarshen ɗaukar ludayi. Haka ya shugabanci masu haƙar rijiyoyin gwamnati, daga Bambai har arewacin Adar, tun zamanin Nasara zuwa bana da ya aje aiki.

Da aka samu ƴancin kai, Turawa suka fara komawa gida, mutane da yawa hankalinsu na kan kujerun da aka bari. Shi Ma'azu abin da ke damunsa daban ne. Gwiwoyinsa sun fara ciwo, kuma bai ga wanda zai riƙe aikin bayansa ba. Cikin mutanensa akwai Alhusaini, ɗan Tawa, magidanci mai ƴaƴa biyu, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, ga kaifin kai, ga gaggawa. Sai Ma'azu ya danƙa masa wata sabuwar rijiya kusa da Tebaram, shi kuma ya koma kan wata a ƙauyen da ke gaba.

Alhusaini yana son ya kai ga ruwa kafin damina. Da suka iske yashi mai laushi, sai ya ce a ci gaba da haƙa, a ɗaure bango da siminti daga baya. Bangon ya rufto a kan Alƙasum, wani mahaƙi mutumin arewa, ya binne shi har ƙirji.

Da labari ya kai wa Ma'azu, ya hau raƙumin wani makiyayi ya taho. Waɗanda suka ga abin sun ce bai yi wa kowa tsawa ba. Ya ɗaura igiya a ƙugu, da tsufansa, ya ce a sauke shi. Da hannu da ƙwarya ya riƙa yaye yashin, don kada diga ta sari mutum, yana yi wa Alƙasum magana da ɗan abin da ya iya na Tamashek, yarensu Alƙasum, don kada ya sume. An fito da shi da rai, amma ƙafarsa ta karye.

A biro, wato ofishinsu na Tawa, jami'in da ke sama da su, wanda suke kira Mushe, ya ce sai an kori Alhusaini.

Ma'azu ya ce, "Mushe, ni na aza shi bisa aikin ga. Na san shina da gaggawa, kuma na bar shi shi ɗai. In kora ce, a fara da ni."

"Malam Ma'azu, mutum hwa ya kusa mutuwa."

"Na sani, da hannuna na tono shi. Amma duk cikinmu yanzu babu wanda ya san tsoron yashi kamar yaron ga. In kun kore shi, sai kun jira wani ya koya bisa ƙahwar wani."

Mushe ya ce to, amma duk abin da ya biyo baya a wuyan Ma'azu yake.

Da Ma'azu ya koma Tebaram, ya tarar da Alhusaini ya naɗe tabarmarsa.

"Ina za ka?"

"Baba, ban iya sake duban ramin nan."

"Kai ka soma ta, kai za ka ƙare ta. Amma tukuna tahi wurin Alƙasum ka roƙe shi gahwara, gaban iyalinshi."

Ya je, kuma Alƙasum ya yafe. Sauran aikin kuwa, Ma'azu ya zauna a gindin wata aduwa yana kallo. Ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Duk gugan ƙasar da aka jawo sai ya bi shi da ido, sau da yawa magana takan zo masa baki ya haɗiye, don ya san in ya karɓe umarni gaban ma'aikata, Alhusaini ba zai sake zama shugaba ba. Rijiyar ta ba da ruwa. Alƙasum kuwa, da ƙafar ta warke da ɗingishi, Ma'azu ya nema masa tsaron kayan aiki, bai bar shi ya koma gida haka ba.

Bayan shekara biyu aka nemi mutum ɗaya da za a tura Yamai horo. Ma'azu ya ba da sunan Alhusaini. Da ya dawo, aka ɗora shi kan dukkan ƙungiyoyin haƙa na yankin, har da ta Ma'azu. Mutane suka zuba ido su ga yadda tsoho zai yi. Ranar da Alhusaini ya fara zuwa duba aiki, Ma'azu ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu da zuwa, Shef."

Kunya ta kama Alhusaini. "Haba Baba, ni za ka ce ma Shef?"

"In ni ban bi ka ba, wa za shi bi ka?"

In Ma'azu ya ga gyara, sai su keɓe su biyu ya faɗa masa. Gaban jama'a kuwa bai taɓa musa masa ba.

Kai ne, Ma'azu, gatan na cikin rami. Kai ne ka ɗauki laifin na ƙasa da kai ka kai sama, ka kuma tura shi ya wuce ka, ranka bai ɓaci ba. Babu rijiyar da aka rubuta sunanka a bakinta. Matan da ke jan ruwa a Tebaram yawancinsu ba su san fuskarka ba. A madadinsu muna cewa mun gode. Allah ya saka maka, ya ba gwiwoyinka lafiya.

Ku kuma sababbin shugabanni da kuka cika birorin Tawa, wata rana na ƙasa da ku zai yi kuskuren da zai girgiza kujerarku. Kafin ku miƙa sunansa, ku ratsa ku gai da tsohon nan, yana ƙofar gidansa kowace la'asar. Ba zai yi muku wa'azi ba. Tambaya ɗaya zai yi muku, wa ya aza shi bisa aikin?