Ruwan da Inna Ba Ta Bari Ya Tafasa

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayata Hauwa'u, 'yar farin Inna, matar Malam Sadisu, mahaifiyar Nana da Bashir. Ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a nan Abuja, a shekarun da mulki ya koma hannun farar hula, gine-gine suna tashi a cikin birni, mu kuwa a Nyanya muna sayen ruwa wurin 'yan garuwa.

Bincikenta a kan ƙwayar cutar taifot yake. Ta bayyana mini cewa ƙwayar tana da umarni iri-iri a cikin halittarta, akasarinsu a kulle. Idan zafi ko tsami ya taɓa ta bai kashe ta ba, sai ta buɗe waɗanda za su kare ta, ta ƙara tauri, har ta iya jure tsamin cikin ɗan Adam. Wuya makarantar kare, in ji Hausawa.

A kan haka suke saɓawa da Inna, wadda take sauke ruwan sha daga risho da zarar ya yi ɗumi, don tattalin kananzir.

"Inna, kin kashe maciji ba ki sare kansa ba. Horar da ƙwayoyin cutar kike yi."

"To Likita, ni na haife ki ko ke kika haife ni? Da wannan ruwan na raine ki."

Burinta shi ne ta tabbatar da maganar nan da ruwan rijiyoyinmu, ta yadda ko Inna za ta gamsu. Tana dawowa daga Masaka da kwalaben gwaji tara a cikin kular ƙanƙara, motarsu ta yi hatsari a hanyar Keffi, a nan ta rasu.

Yau na kammala karatu a fanninta, gas ya maye gurbin risho a gidaje da yawa, amma a Kuchigoro na ga mata suna sauke tukunya kafin ta tafasa, saboda itace ya yi wuya. Na san Yaya ba za ta zarge su ba; zama za ta yi ta sake bayani. Inna dai tun ranar sadakar uku ba ta ƙara sauke ruwa ba sai ya tafasa sosai. Allah Ya jiƙan Yaya.

Mun rasa 'ya ɗaya, uwar yara biyu, kwalabe tara, da binciken da ba a kammala ba.