Ƙarfen da Ba Shi da Nauyi

Ƙanena injiniya ne a ƙasar waje, inda suke ƙera injin kumbo mai shaƙar iska. Da ya zo gida Lausu, ya nuna wa kawunmu maƙeri wani ɗan bututun ƙarfe siriri kamar tsinken tsintsiya. Ya ce dubban irinsa ne a cikin injin ke sanyaya iska mai zafin wuta kafin ƙiftawar ido.

Kawu ba ya yarda da ƙarfe sai ya ji nauyinsa. Ya ɗora bututun a tafin hannu, ya daɗe yana juya shi.

“Ɗana, in guda ya tsage a can sama, da mutane a ciki fa?”

Na san ƙanena, bakinsa ba ya mutuwa. Ranar kuwa ƙasa ya kalla, ya karɓi abinsa ya sa a aljihu.