Maɗaukin Bayan Kujerar Direba

Kawuna ɗinkin kujerun mota yake yi, kuma tsofaffin motoci ne abincinsa, irin waɗanda sai an lallashe su kafin su tashi. Shagona na jikin garejinsa, saboda haka abin da zan faɗa ganau ce ni, ba jiyau ba. Taurin kai gare shi. Ba ya cire komai a cikin mota sai ya san abin da aka yi shi dominsa. Matarsa ta ce da zai bincike ta yadda yake binciken mota, da tuni ya san abin da ke damunta.

Ba ya tambayar kowa. Shiga yake yi ya rufe ƙofa, ya zauna, ya miƙa hannu ya ga inda zai sauka. Da haka ya gane maɓallin da ke ƙasa kusa da kuloci na rage hasken fitila ne, da ƙafa ake taka shi. Igiyar bayan kujera ta rataya bargo ce. Ɗan ƙoƙon gilashin da wani direba ya yi ta zuba wa tokar sigari kuwa, ashe na sa fure ne.

Wata rana wani magidanci mai furfura ya kawo mota a ɗaure a bayan wata.

"Ta mahaifina ce," in ji shi. "Rabon da mu yi magana har na manta, sai ga shi ya aiko min da ita. A sake mata fata in sayar, kowa ya huta."

Kawu na dubawa ya ci karo da wani ɗan maɗaukin fata a bayan kujerar direba, can ƙasa.

"Yanke shi, Baba," in ji mutumin.

"Ba na yanke abin da ban sani ba."

Ya zauna a baya ya miƙa hannu, hannun ya wuce ta sama. Maɗaukin ya yi ƙasa da wurin rataya bargo, ya kuma yi wa lema kaɗan. Na leƙo ina dariya, na ce, "Kawu, yau dai an ƙure ka." Ko kallona bai yi ba. Sai ya durƙusa a ƙasan motar, gwiwoyinsa na ƙara, ya daɗe yana shafa fatar.

Da ya fito ya ce, "Ku nawa ne a wurin mahaifinka?"

"Ni kaɗai ne."

"To naka ne. Yaro ke tsayawa nan ya riƙe, don kada birki ya kifar da shi. Dubi tsofaffin ramukan nan na ƙasa, kana tsawo ana ɗaga maka shi. Ɗinkin ma na wanda bai iya riƙe allura ba ne, amma ya ƙi kai wa wani. Ga shaidar haƙoranka nan."

Mutumin ya sunkuya ya zura hannu. Yatsu biyu ne kawai suka shiga. Wallahi tausayinsa ya kama ni, har na ji kunyar dariyar da na yi.

Can ya ce, "Baba, motar nan za ta iya tafiya mai nisa?"

"Wannan sai ka tambayi bakanike," in ji Kawu. "Ni dai kujerar gefen direba zan fara gyarawa. Tsoho ba ya son wurin zama mai tauri."